Tafin Hannu Huɗu Tsakanin Mota da Ƙasa

Ƙanƙarar da tsohon direban ya sani a rayuwarsa ita ce ta cikin akwatin sanyi na maganin rigakafi. Shekaru masu yawa ya yi yana ɗaukar ma'aikatan lafiya daga Yelwa zuwa ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji, a ƙasar Ngaski da ta Shanga, cikin wata Hilux mai jan tayoyi huɗu. Shi ya sa abin ya ba shi dariya ranar da ɗansa, wanda karatu ya kai Kanada, ya kira shi yana cewa: "Baba, motata ta kafe cikin dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Ina taka totur, taya sai juyawa take yi a wuri ɗaya." Tsohon ya ce: "Ɗaga ƙafarka tukuna. Abin da kake yi ɗin nan shi ya taɓa jawo mini asarar da ban manta ba."

Asarar ta faru ne a wani watan Agusta. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin kan ja baya daga bazara zuwa farkon damina, ya bar filin baƙar laka a gefensa. Idan ruwan sama ya sauka a kan wannan laka, samanta kan yi santsi kamar sabulu, ƙarƙashinta kuma ya yi taɓo. A irin wannan fili motarsa ta fara zamewa, saura tafiya kaɗan a isa ƙauyen. Ƙuruciya na kansa a lokacin, sai ya ƙara wuta. Tayoyin suka haƙa wa kansu ramuka har cikin motar ya zauna a ƙasa. Kafin mutanen ƙauye su fito da ita da shebur da rassan itace, rana ta faɗi, ƙanƙarar akwatin ta narke tun tuni. Yawancin magungunan rigakafi ana son su zauna tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Selshiyos. Alamar da ke jikin kwalaben maganin shan inna kuwa ta riga ta yi duhu. Matan da suka yini da goyo a ƙofar gidan mai gari suka watse, ba yaron da aka ɗiga wa komai.

Daga wannan rana ya fara lura da abin da injiniyoyi suka daɗe da aunawa. Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Ta waɗannan wurare huɗu ne ƙarfin inji da na birki da juyin sitiyari ke ratsawa zuwa hanya. A busasshiyar kwalta, taya kan iya tura mota da ƙarfin da ya kai kashi bakwai ko takwas cikin goma na nauyin da ke kanta kafin ta zame. A kan ƙanƙara mai sulɓi, abin kan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Jiƙaƙƙiyar laka ta fi kusa da ƙanƙara fiye da kwalta. Duk ƙarfin da ya haura wannan iyaka ɓarna yake yi: a ƙanƙara yana goge wurin ya ƙara masa santsi, a laka yana tona rami. Dalilin ke nan da ya sa gogaggen direba ke tayar da mota da giya ta biyu a wuri mai santsi, yana taɓa totur kamar mai tsoron tayar da jariri.

Jan tayoyi huɗu ma yana da iyakarsa. Tsakanin tayar dama da ta hagu akwai na'urar da makanikai ke kira difaranshal, wadda ke barin ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. Amfaninta a kwalta shi ne illarta a taɓo: idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, sai ta yi ta juyawa, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cik. Wasu motocin daji suna da makullin da ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Wanda ba shi da shi sai ya koma ga dabarar mutanen gaɓa: a ɗaga motar da jak, a cusa itace ko duwatsu ko buhun yashi ƙarƙashin tayar da ke zamewa. Sannan jan tayoyi huɗu tashi yake taimaka wa. Wajen tsayawa, kowace mota tayoyi huɗun nan ne take da su.

Inda laka da dusar ƙanƙara suka rabu shi ne wajen irin tayar da kowace ke so. Tayar laka tana da manyan haƙora masu tazara, domin ta riƙa watsar da taɓon da ya cika ta. Tayar hunturu, wadda kamfanin Nokian na ƙasar Finlan ya fara ƙerawa a 1934, a yau ana yin ta da roba mai laushi da ba ta sandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, da ƙananan tsagu masu yawa da ke cizon ƙanƙara. Sarƙar taya kuwa ta haɗa su: lokacin da Harry Weed na jihar New York ya yi mata rajista a 1904, yawancin hanyoyin Amurka na ƙasa ne, kuma taɓo na cikin abin da aka yi ta dominsa.

Sauran abin da tsohon ya koya ba ya cin kuɗi. Yakan rage iskar taya kafin ya shiga laka ko rairayi, domin tafin ya ƙara tsawo, ya mayar da ita da famfo da zarar ya hau burji, don kada tayar ta yi zafi ta fashe. Yakan jera kaya masu nauyi daidai saman tayoyin baya, domin bayan a-kori-kura ba shi da nauyi idan ba kaya. Ba ya fita da damina da sudaddiyar taya. Uwa uba, yakan sauka ya taka wurin da ƙafa, da sanda a hannu, kafin ya sa motar. Matasan ma'aikata kan yi ƙorafin ɓata lokaci, shi kuwa ya ce musu sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya faɗa wa ɗansa a waya bai wuce wannan ba: ya share dusar da ke gaban tayoyin da bayansu, ya zuba yashi, ya miƙe sitiyari, ya riƙa matsawa gaba kaɗan, baya kaɗan, har motar ta sami abin kamawa, gobe kuma ya je ya sayi tayoyin hunturu. Bayan ɗan lokaci wayar ta sake ƙara. "Baba, ta fita." Tsohon ya ce: "Alhamdulillahi. To, ka tafi a hankali, tsayawa ta fi tashi wuya."