Mai Alƙalamin Unguwarmu

Ranar Juma'a muka raka abokin karatuna makwancinsa, bayan an sallace shi a Babban Masallacin Briqueterie. Benci ɗaya muka zauna a Lise ta Tsinga. Shekarar da ya ci Bakaloriya mahaifinsa ya rasu, sai ya gaji keken ɗinkinsa domin ya riƙe ƙannensa. Amma bai ajiye alƙalami ba. Duk dattijon da takardar Faransanci ta ɗaure wa kai, ta asibiti ko ta kotu, shagonsa yake nufa, kuma ko dala bai taɓa karɓa ba.

Ya bar marayu huɗu. 'Yan'uwa, Satumba na tafe da kuɗin makaranta. Kada 'ya'yan mai karanta wa jama'a su rasa karatu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna makoma.