Hannun Giwa

  Mu nan Luton lafiya lau, sai dai sanyi.

Ranar Asabar da ta wuce na kwashi yara muka je gidan namun daji na Whipsnade, wanda ba shi da nisa da mu. Can ne aka mayar da giwayen gidan zu na Landan tun shekarar 2001. Muna tsaye bakin shinge sai na ce wa autana, ɗan shekara 8, "Dubi yadda take ɗaukar ciyawa da hannunta." Ya yi dariya ya ce mini da Turanci, "Baba, ai wannan hanci ne."

Yaron bai yi ƙarya ba. Masana sun ce hanci ne da leɓen sama suka haɗu suka yi tsawo, kuma babu ƙashi ko ɗaya a ciki, tsoka ce zalla. Da shi giwa take numfashi da sunsuna abu. Amma Bahaushe da ya ce hannun giwa, aikinsa ya duba. Da shi take karya reshe, da shi take kai abinci baki. Ko ruwa ba ta hancin take sha ba, zuƙowa take yi ta tsiyaya a bakinta, kamar yadda muke kamfata da tafin hannu. Giwayen Whipsnade na Asiya ne, ɗan yatsa ɗaya gare su a ƙarshen hannun. Irin namu na Afirka, kamar na Yankari, biyu gare su.

Abin da ya sa maganarsa ta tsaya mini a rai shi ne, tun ranar da wani abokinsa ya zo gida ya yi masa dariya, yaron nan ya daina cin tuwo da hannu, sai da cokali. Hausar ma sai an matsa masa. Ga shi muna shirin zuwa gida da babbar sallah, ina tunanin yadda zai zauna gaban kwano ɗaya da 'yan uwansa.

Kafin mu tashi wata ma'aikaciya ta yi wa yara bayani. Ta ce ɗan giwa ba a haihuwarsa da iya amfani da hannunsa. Da baki yake shan nono, ruwa ma durƙusawa yake yi ya kafa baki, wani lokaci har taka hannun yake yi. Sai ya yi watanni yana kallon manya kafin ya ƙware. Na lura autana ya yi shiru yana saurare.

Da dare mamansu ta yi tuwon samolina da miyar kuka. Ba wanda ya ce masa komai, ya je ya wanko hannu ya zauna kusa da ni. Lomar farko a rigarsa ta ƙare. Mamansa za ta yi magana na ƙyafta mata ido. Can sai ya ce, "Baba, me ka ce sunansa da Hausa?" Na ce hannun giwa. Ya maimaita sau biyu.

Don haka Inna, in Allah ya kawo mu, a ja wa yaran gida kunne kada su yi masa dariya. Koyo yake yi.

A gaida kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda.