Bencin Baya

Bahaushe ya ce alheri gadon barci ne, wato abin da ka shimfiɗa shi za ka kwanta a kai. To amma mu Kirista masu ibada da Hausa, idan muka ce alherin Allah, muna nufin gadon da ba kai ka shimfiɗa ba, ba ka kuma cancance shi ba, amma aka ce zo ka kwanta. A nan ne gardama take, domin zuciyar ɗan Adam ta fi son lada a kan kyauta. Lada ana ƙirga shi, ana kuma yi wa maƙwabci gori da shi.

Mai karatu, gardamar nan ba ta yau ba ce. A sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni an taru a Urushalima kan ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin ya sami ceto, aka yanke cewa ba dole ba ne. Manzo Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya saboda ya daina cin abinci da irin waɗannan mutane. A 1517 kuma Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus kan sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi.

Ni dai a bencin baya na fahimci maganar. A majami'ar da na tashi, wanda aka sa a horo can yake zama, ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya riƙe wani aiki. Wata yarinya cikin mawaƙa ta yi ciki ba aure, aka sanar ran Lahadi, aka yanke mata wata shida. Saurayin kuwa ya tsere birni, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Lahadi ta biyu sai mahaifiyata ta bar layin Zumuntar Mata ta koma kusa da ita ta zauna. Da aka tashi, wani dattijo ya tare ta ya ce, "Mama, wannan fa kamar raina hukuncin dattawa ne." Ta rusuna ta ce, "Baba, ban ce a ɗage horo ba. Amma ban ji inda kuka ce ta zauna ita kaɗai ba." Haka ta yi har wata shidan suka cika. Yarinyar nan yau ita ke ba da waƙa a zumunta. Na san wasu da suka yi zaman bencin su kaɗai, daga nan ba su ƙara taka ƙofar majami'a ba.

Kada a ɗauka ina cewa a watsar da doka. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya yi gargaɗi tun 1937 kan alheri mai araha, wato gafara ba tare da tuba ba. Horo yana da tushe, domin Bulus da kansa ya umarci Korintiyawa su ware wani mai laifi. Sai dai a wasiƙarsa ta biyu ya ce wanda aka hukunta a yafe masa, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya cinye shi. Haka ma matar da aka kama da zina a Yahaya sura 8, sai da Yesu ya kuɓutar da ita daga jifa kafin ya ce ta bar zunubi. Gafara ce a gaba, gyaran hali ya biyo baya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne babban wa a misalin ɓataccen ɗa. Bai taɓa saɓa umarnin uba ba, amma ranar da ƙanensa ya dawo, shi ne ya ƙi shiga gida. Mu masu fitar da zakka kan lokaci, waɗanda ba a taɓa kiran sunanmu a sanarwa ba, shi muka fi kama da shi. Allah ya kiyashe mu da tsayawa a waje ana biki a ciki, amin.