Kalmomin Baƙi a Bakin Mutanen Suwidin

A Sitokholm ta ƙasar Suwidin, cikin watan Disamba, ƙarfe 3 na rana ba ta wucewa sai duhu ya rufe gari, sanyi kuwa har cikin haƙori. Kowa sai ya faɗa shagon shan kofi, inda ƙamshin kirfa ke dukan hanci tun daga bakin ƙofa, ga burodi mai zaƙi a naɗe, ga kyandir a kan kowane tebur alhali wutar lantarki ba ta ko ƙiftawa. A irin wannan zama na riƙa jin wata kalma a bakin yaro da babba: tjej, wadda suke furtawa kusan "shey", wato yarinya ko budurwa.

Wani malamin makaranta da muke zama tare ya ce mini, "Malam, ai wannan kalma aro ce." Ta 'yan Romani ce, mutanen da kakanninsu suka taso daga Indiya suka bazu cikin Turai. Ya ci gaba da lissafo mini wasu kalmomin na aro. Kare, wanda a nan ake sa wa riga a shiga jirgin ƙasa da shi ya zauna tsaf kusa da ƙafarka, ikon Allah, sukan ce masa jycke. Abin nishaɗi lattjo ne. Ƙauyen ƙayau kuma vischan, daga kalmar Romani mai nufin daji.

Mu Hausawa ma mun yi aro daga Larabci da Barbarci, amma a wurin malamai da masu sarauta muka ara. A nan an aro ne daga mutanen da aka yi ta kora. An fara rubuta zuwansu Sitokholm a 1512. A 1637 doka ta fito cewa su bar ƙasar, namijin da ya ƙi a rataye shi. Daga 1914 zuwa 1954 an hana 'yan Romani na waje shigowa. Duk da haka maganarsu ta bi ta kasuwannin dawaki da gidajen yari da unguwannin talakawa, har ta shige ɗakin kowa. Abin ya tsaya mini a rai, domin da yawa cikin masu faɗin tjej kullum ba su san daga inda ta fito ba.

Sai a shekarar 2000 aka amince da harshen Romani cikin harsuna 5 na tsirarun ƙasar, kuma yanzu ɗan Romani yana da haƙƙin a koyar da shi harshen iyayensa a makaranta.