Ƙara Uku a Bayan Kujera

Ni ne na sa Yayana ya sayi motar, shi ya sa ranar da ta ƙi tashi na kasa haɗa ido da shi.

Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsohuwar motarsa ta fi ƙarfin albashinsa, ga shi kullum sai ya tashi daga Mabera zuwa Boɗinga wurin aiki. Na yi ta cika masa kunne da labarin mota mai haɗa fetur da lantarki. Har na kafa masa hujja da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, da tashar cajin mota mai amfani da hasken rana da aka buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Ya sayar da tsohuwar, ya haɗa da kuɗin adashen matarsa, aka kawo masa Toyota Prius ƴar Kwatano, ƙirar 2008.

Ta yi wata goma tana faranta masa rai. Wata safiya cikin zafin Afrilu ya danna maɓalli, allo ya kama, amma kalmar READY ba ta fito ba, sai wata jar alama mai kusurwa uku. Mai rewayar farko ya jona kwamfuta, ya ce babban batir ya mutu. Kuɗin da ya faɗa sun sa Yaya ya zauna kan benci ba shiri. Na biyun ya ce rile ne ke hana wuta wucewa, a bari ya yi mata dairek. Ni kuwa, saboda ɗokin wanke kaina, na ce a yi. Yaya ya ce a bari ya kwana da maganar.

Washegari aka yi mana kwatancen wani dattijo da ya fara da gyaran rediyo kafin ya koma motoci. Bai taɓa sifana ba sai da ya ce mu yi shiru. Ya shiga kujerar baya ya kara kunne, ya ce: "Alhaji, danna mu ji." Muka ji ƙas-ƙas, sai ɗan jim, sai komai ya saki. Ya ce: "Wagga mota lafiyar batirinta lau, ina zato. Ƙara ta ukku ce ba ta zo ba."

Ga abin da na koya a wurinsa, na kuma bi na tabbatar daga baya. Babban batirin wannan ƙirar yana da ƙullin batura 28, kowanne bolt 7.2, jimilla bolt 201.6. Wutar ba ta fita sai ta bi ta manyan rile uku, waɗanda ake kira kwantakta. Ƙaramin batir mai bolt 12 ne ke jan su da maganaɗisu. A cikin inbata akwai kafasita, wadda idan babu komai cikinta take zuƙar wuta kamar randar da aka ɓalle wa famfo. Don haka ba a buɗe mata babbar hanya kai tsaye. Rile na ɓangaren nagatif da wani na share fage su ke fara kamawa, wuta ta bi ta cikin rizista a hankali har kafasita ta kusa cika. Sai kwamfutar motar ta gamsu, ta kama babban rile na fozitif, ta saki na share fagen. Idan kafasita ba ta cika a kan lokaci ba, kwamfuta ta janye komai. Abin da kunnen dattijon ya kama ke nan.

Bai tsaya ga kunne ba. Ya auna ƙaramin batir, ya same shi da ƙarfi. Ya jona tasa kwamfutar, ta ba shi lamba P3004, wadda ke nuna matsala a hanyar babbar wuta, ba P0A80 ba, mai cewa a sauya batir. Ya nuna mana awon rukunan batirin 14 a allo, duk kusan kai ɗaya. Daga nan ya sa Yaya ya kashe mota ya saka makullin cikin aljihu. Ya hura safar hannunsa ta roba, mai jure bolt 1,000, don ya ga ko ta huje. Ya zare fulogin tsaro mai ruwan goro daga jikin batir, ya jefa a aljihunsa, muka zauna minti 10 kafasita ta huce. Ko bayan haka sai da mita ta nuna sifili kafin ya kai hannu.

Ya gwada rile ukun ɗaya bayan ɗaya, duk suna kamawa suna saki. Da ya ɗora mita a kan rizista, sai ta nuna a yanke take. Abin bai kai tsawon tafin hannu ba. Na yi hamdala, shi kuwa ya ce: "Tukuna. Mi ya ƙone ta?" Ya auna layin inbata da na kwamfaresan sanyi ko akwai inda wuta ke zurarewa, bai samu ba. Sai Yaya ya amsa da kansa cewa kafin ya sauya ƙaramin batir, ya yi makonni yana danna maɓalli sau bakwai sau takwas kowace safiya. Kowace dannawa zafi ce a jikin rizistar, ga tsufa, ga ranar Sakkwato.

Na tambaye shi zancen dairek. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, da an yi, wutar farko na iya narka bakin rile ya manne. In ya manne, ka kashe mota amma wayoyin nan masu ruwan goro na nan da rai. Yaron da zai zo gyara gobe bai sani ba." Na tuna yaran garejin da ke shiga ƙarƙashin mota da silifas, jikinsu sharkaf da zufa. Jikina ya yi sanyi, domin da bakina na ce a yi.

Aka samo rizista daga wata motar da ta yi hatsari, kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Da yamma muka ji ƙas-ƙas, sannan ƙas, READY ta fito kore. Yaya bai taɓa yi mini gori ba, amma matarsa har yau in na shiga gidan sai ta ce: "Sannu da zuwa, Injiniya Dairek."

Abin da ya tsaya mini shi ne, mu huɗu muka yanke wa motar hukunci, ɗaya ne kawai ya saurare ta tukuna. Idan taku ta ƙi tashi, ku nemi lambar da kwamfuta ta bayar a rubuta muku, kuma kada ku bar kowa ya taɓa wayar ruwan goro da hannu tsirara. Allah ya tsare mu da gaggawar bakinmu.