Kaya Mai Rai: Daga Treichville Zuwa Tashar Adjamé

Duk wanda ya san babbar kasuwar Treichville, tun kafin gobarar 1997 har zuwa ginin da aka sake yi bayanta, ya san teburan 'yan uwanmu masu sayar da tasbaha da duwatsun wuya. A cikin duwatsun nan babu mai daraja a idon iyayenmu mata kamar murjani. To, murjani dai ba dutse ba ne. Dabba ce ta cikin teku, 'yan mitsi-mitsi dubbai da ke zaune a haɗe wuri ɗaya suna gina wa kansu ƙashi, kuma ƙashin nan ne ake gogewa a huda a zura wa amarya. Jan murjani na asali daga Bahar Rum yake fitowa, garin Torre del Greco na ƙasar Italiya kuwa shi ya shahara da sarrafa shi.

Da muka faɗa wa wani dattijo mai tebur haka, sai ya ce, "'Ya'yana, shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin ya motsa ba." Gaskiyarsa, matacce yake sayarwa. Mu kuwa mai ran ne ya fito da mu, domin a gidajen masu hali na Cocody da Zone 4 akwai masu ajiye kifaye da murjani mai rai a akwatin gilashi. Ranar da maigida zai yi ƙaura, direbobinmu da 'yan dakonmu ake kira. In kaya ya mutu a hanya, su ake tuhuma, wani lokaci har a zaftare musu lada, alhali kuwa ba wanda ya taɓa gaya musu abin da suka ɗauka.

Daga kasuwa muka gangara wajen tashar jiragen kamun kifi, inda ake sauke kifin tuna da masu garba ke soyawa. A wannan ɓangare ne, a kan Rue des Pêcheurs, cibiyar binciken teku ta CRO take. Ruwa ya kewaye Treichville, amma murjanin akwati ba ɗan nan ba ne. Gaɓar tekunmu ba ta da manyan tsaunukan murjani, saboda koguna suna zubo ruwan daɗi da laka, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku tsakanin Yuli da Satumba. Yawancin wanda ake kiwo daga Indunusiya da Ostireliya ake kawo shi ta jirgin sama. Kuma murjanin akwati mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, kuma Kwaddibuwa tana cikinta. Wato in za a ƙetare iyaka da shi, sai da takardar izini. Direba ya nemi ganinta tun kafin ya tada mota, don a gaban 'yan duwan shi ne mai kaya.

Abu na farko da ke kashe shi zafi ne. Ruwansa yana son ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. A cikin naman murjanin akwati akwai wasu ƙananan tsirrai da ke ciyar da shi ta hanyar haske. In zafi ya yi yawa sai ya tofar da su, ya koma fari fat, yunwa ta ƙarasa shi. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, ta sake faruwa a babban tsaunin murjani na Ostireliya a 2016, kuma ƙarin digiri ɗaya ko biyu na 'yan makonni ne ya yi wannan ɓarna. To, ina ga bayan mota da tsakar rana a gadar Houphouët-Boigny, ga cunkoso?

Don haka masu sanin abin ba sa ɗaga akwatin da ruwa a ciki. Lita 200 kilo 200 ce, ban da gilashi da duwatsu, tangaɗi ɗaya ya isa ya tsaga shi. Sukan kwashe ruwan a sababbin jarkoki, waɗanda fetur ko sabulu bai taɓa shiga ba. Kowane reshe da ledarsa, a ninka ta biyu, a bar iska a sama, don in aka haɗa iri biyu wuri ɗaya harbin juna suke yi kamar kunamu. Mai rassa masu tsini sai a ɗaura gindinsa a jikin ɗan soso mai yawo a kan ruwa, ya rataya kai ƙasa, kada ya huda leda ko ya goge namansa. Sa'an nan a jera ledojin a akwatin farin soso irin na masu kifi, a rufe, a ajiye cikin mota kusa da mutane. In ana tsoron zafi a naɗe gorar ƙanƙara da tsumma a sa a gefe, kada ta taɓa leda. Duwatsun akwatin a lulluɓe su da jiƙaƙƙiyar jarida. Bokitin tagulla kuwa kada ya kusanci wannan aiki, tagulla guba ce gare shi. Kuma in ruwa ya zube, kada wani ya ce bari in ɗebo a tafkin Ébrié, ai ga shi nan kusa. Murjani yana son gishiri giram 35 a kowace lita, ruwan tafki kuwa gaurayen daɗi da gishiri ne, ga dattin birni duka a cikinsa.

Muka haye gada, muka ratsa Plateau, sai ga mu a Adjamé, inda hayaƙin gbaka da ihun yaran mota suke hana mutum jin maganar kansa. Daga nan motocin arewa suke tashi: Yamoussoukro, Bouaké, Ferkessédougou, Bobo, Wagadugu, har Yamai. Ko a shekarun da hanya take lafiya lau, tafiyar Yamai kwana biyu ce zuwa uku, da tsayuwa a kowane shinge. Murjani a leda kuwa yakan jure kwana ɗaya, da ƙyar biyu. Ƙaura zuwa Bassam ko Yamoussoukro mai yiwuwa ce, in an tashi da asuba, kuma in an isa aka bar ledar ta yi yawo a kan ruwan sabon akwati kamar minti 20 kafin a buɗe, aka rage masa haske na 'yan kwanaki. Amma wanda ya ce a kai masa shi Maraɗi ko Kano ta mota, a ganinmu direba ya ba shi haƙuri, ya sayar da abinsa a nan Abijan.

Ba wai ɗaukar kaya mai rai baƙon abu ba ne a wurinmu. Goron da ake lodi a Anyama numfashi yake yi, shi ya sa fatake suke naɗe shi da ɗanyen ganye, su riƙa kwance huhu a hanya suna yayyafa ruwa, suna tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Tarwaɗa ma tana isa da ranta a cikin rabin jarka, don tana iya shaƙar iska kai tsaye, abin da karfasa ba ta iyawa. Mai son kai 'ya'yan kifi gida ya fara kiwo, sai ya hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiya don kada kashinsu ya ɓata ruwan, ya zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na ledar, ya sa a cika sauran da iskar oksijin, ya kuma biya musu wuri a cikin mota maimakon saman kaya.