Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A zamanin nan an sami wata al'ada a ma'aikatu, na gwamnati da na 'yan kasuwa. Sai a ware rana guda, a rufe ofis, ma'aikata manya da ƙanana su fita tare, su yi wasa ko wani aikin hannu, su ci abinci wuri ɗaya. Ana cewa dabara ce ta haɗa kan ma'aikata. Na sha jin mutane suna kushe ta, suna cewa ɓata lokaci ne da ɓarnar kuɗi. Ni kuwa a ganina ba baƙuwa ba ce gare mu mutanen Kabi. Kakanninmu sun san ta tun da daɗewa. A gona suna kiranta gayya, a ruwa kuwa sunanta su.

Duk wanda ya tashi a fadamar Gulbin Rima ya san yadda shinkafa take. Idan ta nuna, ba ta jiran kowa. In mai gona ya yi jinkiri, tsuntsaye su cinye, ko ta zube a ƙasa. Mutum ɗaya da laujensa ba ya iya gama ta. Saboda haka sai ya raba goro, ya sa rana. Ranar kuwa samari su hallara, makaɗa su zo da ganga, mata su kawo fura da tuwo. Ba a biyan kowa ko anini. Ladan kowa shi ne, ran da tasa ta nuna, za a zo masa. To, ban da shinkafar da aka yanke, akwai wata riba da ba a aunawa da mudu. A wurin gayya ake sanin mai ƙwazo da rago, da mai haƙuri da mai saurin fushi. Mutanen da suka yi gumi tare, in wata rana magana ta haɗa su, ba su cika kai juna gaban alƙali ba.

Ga kuma misali mafi girma daga tarihin ƙasarmu. A shekarar 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi. Daga baya Kabawa suka kafa gadon sarautarsu a Argungu, suka yi ta yaƙi da Sakkwato da Gwandu shekaru masu yawa, har zuwan Turawa. Yaƙi ya ƙare, amma zukata ba su huce ba, gama ajiye takobi daban, amincewa daban. Sai a shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi babban su don girmama baƙonsa. Jikokin waɗanda suka yi gaba da juna suka tsaya a bakin ruwa ɗaya, suna kallon abu ɗaya, suna murna tare. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. Ya yi suna har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a shekarar 2016.

Mai karatu, ka dubi yadda ake yin su ɗin nan a Matan Fada. Ana hana kamun kifi a wurin sai ranar biki, kowa kuma ya bi doka, domin in mutum ɗaya ya saci jiki ya shiga, ya cuci jama'a duka. Sarkin Ruwa da Homa ke kula da al'amarin. Dubban masunta su jeru, kowa da gorarsa da homarsa, ba mai taɓa ruwa sai an ba da alama. Da an ba da ita, su faɗa gaba ɗaya. Yawansu ne ke ruɗa kifi, ya rasa mafaka. A shekarar 2020, da aka maido da bikin bayan ya tsaya kamar shekara goma, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Irin wannan giwan ruwa, ko wanda ya kama shi ba ya kai shi ma'auni sai da taimako. Haka kuma a tseren jiragen ruwa na kabanci, in matuƙi ɗaya ya saɓa wa 'yan'uwansa wajen tuƙi, jirgin sai ya karkace, a wuce su.

Na yi aiki a wani ofis a Birnin Kebbi inda muke kamar baƙi a mota ɗaya. Babban akawu bai san sunan masinja ba. Takarda takan kwana bakwai a kan tebur, alhali mai jiranta yana ɗakin da ke kusa, don kowa yana ganin ba shi zai fara magana ba. Wata shekara, gab da damina, magudanar ruwan da ke bayan ofis ta toshe. Shugabanmu ya ce mu yi gayya ran Asabar. Shi da kansa ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki shebur. Maigadinmu dattijo ne, manomin fadama, ya san hanyar ruwa fiye da mu duka. Shi ya zama jagora, yana cewa, "Ranka ya daɗe, nan za a haƙa," shugaba yana haƙawa. Da muka zauna shan fura, sai aka ga masinja yana karanta rubutun jikin wani kwali. Ashe ya gama ajin yaƙi da jahilci, ba wanda ya sani. Daga ranar aka ba shi littafin shigar da wasiƙu. Takardu suka daina kwana, domin wanda ka haƙa rami da shi ba ka jin nauyin ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Amma fa gayya tana da sharuɗɗa, in an karya su ta zama banza. Na farko, shugaba ya shiga da jikinsa. In ya zauna a inuwa yana nuni da baki, wannan aikin tilas ne, ba gayya ba. Na biyu, a yi adalci. Gayyar da kullum gonar mutum ɗaya ake zuwa ba ta daɗewa. Na uku, kada a mai da ita madadin hakkin ma'aikaci. Wanda aka riƙe wa albashi wata uku, tuwon yini ɗaya ba ya wanke masa zuciya. Masu cewa ɓarnar kuɗi ce suna da gaskiya in an kama babban masauki, an yi ta jawabai, an watse ba wanda ya san wani. Abin da ake bukata bai wuce aikin da zai amfani kowa ba, da ɗan abinci, da sakin fuska.

To, 'yan'uwa da kuka sami ilmin karatu da rubutu, da yawanku kuna aiki a asibiti, ko injin casar shinkafa, ko ƙungiyar manoma. Kada ku jira sai an aiko da umurni daga sama. Ku ba shugabanninku shawara cikin ladabi, a sa rana, a share harabar wurin aiki, ko a shuka itatuwa, ko a je gaida abokin aiki marar lafiya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan su na yini ɗaya ya taimaka wajen shirya Kabi da Sakkwato, ashe gyara tsakanin mutum ashirin da ke ƙarƙashin rufi ɗaya ba zai gagara ba. Allah ya haɗa kanmu, amin.